Baƙuwar da Hajiya Ta Raka a Bakin Teku

Jama'a, abin da zan faɗa muku a kaina ya faru, ni da mai ɗakina, ba ji na yi an ce ba, kuma wallahi ban ƙara masa gishiri ba. A shekarun nan ne da gwamnatin Ingila ta tsuke bakin aljihu, yau a rufe library gobe a rufe wajen wasan yara, sai council, wato ƙaramar hukumar da na yi wa aikin akanta a Manchester suka tara irinmu masu furfura suka ce wanda yake so ya karɓi redundancy, wato kuɗin sallama, ya je gida ya huta. Na karɓa. Hajiya ita ma ba ta daɗe da ajiye aikin jinya ba saboda ciwon gwiwa, yara kuma duk sun watse, sai ga mu mu biyu a gida daga ni sai ita sai talabijin.

Ni na kawo maganar motar, kada ma in ɗora wa wani. Akwai abokina Istifanus, mutumin Jos da muka yi ofis ɗaya, shi da matarsa duk summer sai su shiga motorhome ɗinsu su bi gefen teku, ya dawo yana cika mini kunne da hotuna. Ga wanda bai sani ba, mota ce babba mai gado a ciki da ɗan kicin da banɗaki, da benci biyu suna kallon juna da tebur a tsakiya. Na sayi wata 'yar tsohuwa mai lafiya. Ranar da na kawo ta ƙofar gida Hajiya ta zagaya ta tana dariya, wai ita a saninta direban tirela ne yake kwana a mota, ba ta san girma ya kama ni har na koma ɗan kamasho ba. Amma ita ta fi ni zumuɗi, har labule ta ɗinka mata. Muka tsara mu bi gaɓar Wales a hankali muna buɗe ido, daga nan mu ɓulla Birmingham wajen 'yarmu ta fari da muke kira Ummi, likita ce, tana Perry Barr da mijinta da yaransu.

Sai na faɗa muku halin Hajiya kafin ku gane sauran. Matar nan tunda na aure ta ba ta taɓa ɗora tukunya daidai bakinmu ba, kullum sai ta ƙara abin da take kira rabon baƙo. Shekaru aru-aru muna ƙasar da ba mai buga maka ƙofa sai ya yi waya, amma ba ta daina ba, kuma abin yana ci mata rai, takan ce gidan da ba a sallama a cikinsa ba gida ba ne, store ne. In kuwa baƙo ya zo, to ya shiga uku da karamci, sai ya ci, sai ta haɗa masa ɗan abin tafiya a leda, sai ta raka shi har bus stop da gwiwar nan tata. Wanda ya ziyarce ta kuma, ko a ina yake sai ta mayar masa da ziyara.

Kwanakin farko lafiya lau, mun ga tsaunuka, mun ga tumaki har sun gundure ni. Rannan bayan azahar muka sauka a wani car park a bakin teku, ba zan faɗi sunan wurin ba don kada wani mai ƙarambani ya ce zai je. Banɗakin gwamnati da ke wurin an garƙame shi da kwaɗo, shagon shayin ma an buga masa katako, babu mota ko ɗaya sai tamu. Irin tekun nan ne da ruwa yake janyewa ya bar rairayi shimfiɗe iya ganinka, in ya tashi dawowa kuma ba ya sallama, ta kwaruruka yake zagayowa ya tare mutum ta baya. Har allo aka kafa na gargaɗi. Hajiya ta ɗora dafa-duka da kifi, muka buɗe ƙofa iska tana shigowa.

Muna zama za mu ci sai na ga mace tsaye a jikin 'yar katangar car park ɗin. Ban ga ta inda ta fito ba. Tsohuwa ce doguwa, da doguwar riga mai nauyi ruwan toka da ɗankwali, ƙafarta ba takalmi, kuma sharkaf take da ruwa alhali ranar ko yayyafi ba a yi ba. Fuskarta kuwa, wallahi na sha kwanciya ina ƙoƙarin tuno ta na kasa, Baturiya ce ko ba Baturiya ba ban isa in rantse ba. Na ɗauka cikin marasa galihun nan ce da suka yawaita a lokacin. Kafin in ce uffan Hajiya ta ɗaga hannu ta ce mata “Bismillah,” da Hausa fa, kamar tana tsakar gidansu a Kano, sannan ta tuna ta ƙara da Turanci wai ta shigo ta ci abinci. Na taka wa Hajiya ƙafa ta ƙarƙashin tebur, ta harare ni.

Matar ta taho. Da ta sa ƙafa a matakalar sai motar ta nutsa gefe guda kamar an loda buhunan siminti, har shayina ya zube. Ta zauna a bencin da ke kallon nawa. Hajiya ta zuba mata abinci ta tura mata shayi, tana ta yi mata sannu tana tambayarta ko a kusa take, ita ko ci kanki ba ta ce ba. Wani sanyi ya cika motar, da ƙarnin teku, ruwa yana ɗiga daga rigarta ɗis ɗis. Ni kuwa sai na fake da la'asar na ɗauki buta na fita, na tsuguna a bakin ƙofar ina alwala. Ku riƙe wannan, a bakin ƙofar nake, ƙofofin gaba kuma a kulle suke. Da na miƙe na leƙa ciki, benci wayam, Hajiya ta juya baya tana ɗauraye cokula.

Na tambaye ta ina baƙuwar, ta waiwayo ta yi turus. Abin da ya dame ta wai baiwar Allah ta tafi ba sallama, ba ta taɓa abincin ba, ita kuma ko taku ɗaya ba ta raka ta ba. Ni ko ba wannan ne a gabana ba. Na leƙa banɗaki, na duba ƙarƙashin mota, na hanga rairayin nan fetal babu ko tsuntsu. Sallar nan a gurguje na yi ta, Allah ya yafe mini, na murza makulli muka bar wurin.

Washegari bencin nan a jiƙe. Na ce ko tankin ruwa ne yake yoyo, na kwance katako na duba, ƙalau. Na shanya katifar bencin a rana ta bushe, gishiri ya fito mata fari fat, na mayar, kafin yamma ta sake jiƙewa, daidai wurin zaman mutum ɗaya. Motar kuma tana rinjaya hagu a hanya. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya tayar mini da hankali Hajiya ce. Ta fara jera faranti uku. In na yi magana sai ta dube ni kamar ni ne marar hankali. Hannunta ya yi sanyi ƙarara, ta rage ci, kuma ta daina tsokanata. Matar da ko hula na karkata sai ta tanka, sai ga shi mu yi tafiyar rabin yini ba ta ce mini komai ba, tana zaune ta ɗan juya kai baya kamar mai sauraron wani.

Na fasa sauran yawon na miƙe Birmingham, na ce ko ganin jikoki zai dawo da ita. Muka faka a titi a ƙofar gidan Ummi. Yara suka fito da gudu suna “Grandma, Grandma,” matar da ta yi wata guda tana haɗa musu tsaraba ta shafa kansu sama-sama ta wuce. Da aka kawo abinci ta ɗebi faranti guda ta rufe ta fita da shi mota. Ummi ta bi ta da kallo, ta ja ni kicin ta ce, “Baba, me ya sami Mama? Her hands are freezing.” Ta gwada ta da kayan aikinta, jini lafiya, sugar lafiya, sai dai jikin ya yi sanyi fiye da kima. Ta kira GP, likitan unguwa, aka ba mu lokaci mai nisa, kun san yadda layi ya zama a shekarun. Da Hajiya ta dawo da farantin yana nan yadda aka zuba, na faki ido na ɗanɗana. Wallahi kamar na tauna gishiri zalla, ga sanyi kamar daga firji.

Ba abin da ban yi ba. Na kunna karatun Baƙara a motar, na yi tofi na yayyafa, surukina ya kawo wani malami daga masallacinsu ya yi addu'a ya tafi. Bencin bai bushe ba. Ni tsoro nake ji, tsoro na gaske, irin wanda ban taɓa ji ba tunda na zo ƙasar nan, don ina kallon matata tana zamewa daga hannuna kuma ban san wa zan kama ba.

Wata rana da hantsi aka nemi Hajiya aka rasa. Ummi tana asibiti, mijinta yana wajen aiki. Na fita ko takalmin kirki ban sa ba, ƙofar motar a buɗe, na bi layi ina tambaya har wata mai tura keken jariri ta nuna mini hanyar canal, irin magudanan ruwan nan da suka ratsa Birmingham ta bayan gidaje. Can na same ta tsaye a gaɓa, yatsun ƙafarta sun leƙa ruwa, ta riƙe leda. Na san ledar tun daga nesa, turmin atamfa ne da sabulu da turare, abin da take haɗa wa baƙuwa in za ta tafi. Na riƙo hannunta a hankali don kada ta firgita. Ba ta firgita ba, ta dube ni da idonta garau ta ce, “Alhaji, ba nan ne gidansu ba. Baiwar Allah ba ta tafi ba muka ja mota, mun kawo ta uwa duniya. Ka mai da mu in raka ta, kunya ta ishe ni.”

Na lallaɓa ta muka koma gida. Na gane in na ƙi, wata rana za a neme ta ne a tsamo ta a canal ɗin nan. Da yamma na zaunar da Ummi na faɗa mata komai. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta ce wannan ba magani ba ne, a kai Mama asibiti a kwantar. Na ce ta je ta taɓa bencin ta dawo. Ta je ta dawo tana goge hannu a riga, ba ta ƙara musu ba, sai dai ta sa na yi mata alkawarin ba zan saki hannun uwarta ba.

Na duba a waya lokacin da ruwa yake janyewa, na tsara mu isa yana can nesa mu gama mu fito. Amma aikin hanya ya riƙe mu a motorway, muka yi ta jan ciki, ba mu isa ba sai la'asar sakaliya, lokacin ruwan ya kusa juyowa. Ga hazo ya sauko, fari, ba ka ganin ƙarshen car park ɗin ma. Na ce mu bari sai gobe. Hajiya ko saurarona ba ta yi ba, ta yafa mayafi ta ɗauki ledarta ta buɗe ƙofa, sannan ta matsa gefe kamar yadda ake ba babba hanya. Ina zaune a kujerar direba na ji motar ta ɗago ta daidaita. Innalillahi. Na diro na kama bakin mayafinta na naɗe a hannuna tam.

Muka sauka kan rairayin. Hajiya tana tafe tana hira irin ta rakiya, wai a yi haƙuri da mu, wai ba a ci komai ba, wai an sha hanya. A gefenta na hagu kuwa ina kallo rairayi yana lotsawa, sawu bayan sawu, ruwa yana cika ramin. Ni dai bakina Ayatul Kursiyyu, ina yi ina sarƙewa ina sakewa. Na waiwaya, motar ta ɓace a hazo.

To kun san yadda rakiya take a wajenmu. Mai gida ba ya juyawa da kansa, sai baƙo ya tsaya ya ce haba, a koma haka nan, an gode. Hajiya kuwa ko bus stop ta kai mutum sai ya roƙe ta take komawa. Wannan baƙuwar tunda muka gan ta ba ta taɓa buɗe baki ba, wa zai ce wa Hajiya ta koma? Sai da na ji sanyi a idon sawuna wannan tunanin ya faɗo mini. Na duba ƙasa, ruwa ne, kuma ba daga gabanmu yake zuwa ba, daga baya yake. Na ce Hajiya mu juya, ruwa ya zagaye mu. Ta ce ai ba a sallame ta ba. Na ja mayafin, na kama damtsenta da hannu biyu na ja da iya ƙarfina. Jama'a, matar da sai na tallafa mata take hawa bene, wallahi kamar ina jan motar nan tamu, ni take ja ma gaba.

Ruwa ya kawo ƙwauri. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa, na kira sunanta na yanka wanda rabona da shi tun muna amarci, ba ta waiwayo ba. Ban san me ya sa ba sai na tuna mahaifina, in rakiyar mata ta yi tsawo a ƙofar gida ana ta jan zance, shi yake fitowa ya yanke ta da bakinsa a matsayinsa na mai gida. Ni ne mai gidan da aka sauka, ko da gidan mota ne. Na sha gaban Hajiya, na fuskanci inda sawun nan ya tsaya, na daure na ɗaga murya na ce, “To baiwar Allah, mu daga nan za mu koma. Mun gode da ziyara. Allah ya kai ki lafiya, a gai da mutanen gida.”

Ko ƙarar ruwan na daina ji. Sai daga cikin hazon, kusa da ni kamar tsawon hannu, aka ce, “Za su ji.” Da Hausa, Hausar da uwata ta yi mini. Muryar tsohuwa ce amma a jiƙe, kamar mai magana da ruwa a baki.

Nan take jikin Hajiya ya saki ta faɗo kaina. Ledar ba ta hannunta, ban ga faɗuwarta ba, ban kuma gan ta tana yawo a ruwa ba. Na juya da ita ina hamdala za mu gudu, sai ta waiwaya, cikin ladabin nan nata, ta faɗi abin da ta saba faɗa a ƙarshen kowace rakiya tun tana budurwa. Ta ce, “Sai mun zo.” Na kai hannu na toshe mata baki amma maganar ta riga ta fita. Daga can nesa, kuma wannan karon ba murya ɗaya ba ce, aka amsa, “To, Allah ya kawo ku.”

Yadda muka fito Allah kaɗai ya sani. Na goya ta, ni da ko jarkar ruwa ba na ɗauka saboda baya, muka ratsa wani kwari ruwa har ƙirjina yana fizgar ƙafata, ina bin inda nake zaton gaɓa ce har na yi karo da katangar car park. Na tura ta mota na kunna hita na lulluɓe ta da duk bargon da muke da shi. Ba mu kai babban titi ba hannunta ya ɗumama. Ta buɗe ido ta dube ni sama da ƙasa ta ce wane irin tsoho ne zai shiga teku da kaftani. Wallahi ban taɓa jin daɗin tsokana irin ta ranar ba. Na taɓa bencin, a bushe ƙayau.

Ba ta tuna komai ba daga cin dafa-dukar nan, har zuwanmu Birmingham sai da Ummi ta ba ta labari. Gwajin asibiti ya fito ba a ga komai ba. Motar na sayar da ita da arha ban waiwaya ba, Istifanus ya yi ta yi mini dariya wai ruwan Wales ya kori Bakano, na bar shi a haka. Wace ce matar, daga ina take, me ya sa ta iya Hausa, ban sani ba, ban kuma nemi sani ba.

Shekaru sun wuce yanzu. Hajiya tana nan lafiya, tana ƙara rabon baƙo a tukunya, ban hana ta ba. Amma teku ko a talabijin ya fito sai na canza tasha, jikoki sun yi naci a kai su bakin tekun Blackpool da Grandma har sun gaji sun ce Grandpa rowa gare shi. Su faɗi abin da suke so. Don wani lokacin tana cikin ninke kaya ko tsinke alayyafo sai in ga ta tsaya cak ta ɗan juya kai, ta ce, “Alhaji, akwai wadda na ce wa za mu je ban je ba, na rasa ko wace ce.” Sai in ce mata ai duk mun je. Ta ce a'a, akwai saura. Na san matata, ba ta taɓa cewa za ta je gidan mutum ta fasa ba.

Shawarata gare ku, musamman masu yawon buɗe ido a wuraren da ba kowa, ban ce ku hana mai yunwa abinci ba, Allah ya kiyaye. Amma ku miƙa masa a waje. In har ya shigo, kada ku murza makulli sai kun ga fitarsa da idonku kun sallame shi. Kuma in kuna sallama da wanda ba ku san gidansu ba, ku tsaya a kan Allah ya kiyaye hanya, kada bakinku ya yi alkawarin zuwa. Ni yanzu ko wanka Hajiya ta shiga na ji ruwa ya daɗe yana zuba, sai na je na ƙwanƙwasa ƙofa na ji ta amsa.